Ra'o'in Girman Ɗan Adam da Horar da Ma'aikatan Jin Daɗin Jama'a: Abin da Tarihin Kurfai Ya Nuna

1. Gabatarwa

Wannan maƙala ta samo asali daga wata matsala ta fassara. An taɓa roƙon mu da mu mayar da wani ɗan littafin darasi na ɗaliban aikin jin daɗin jama'a, watau waɗanda ake kira asistan sosiyal a Nijar, daga Faransanci zuwa Hausa, don ya amfane su idan sun fita ƙauyuka. Tun a shafin farko aiki ya cije a kan kalmomi biyu, développement da milieu. Ta farko tana da fuska biyu a Faransanci: akwai ta yaro, akwai ta ƙasa. Hausa kuwa ta raba su, yaro yana tashi ko yana girma, ƙasa tana ci gaba ko tana bunƙasa. Ta biyun ƴan boko sun saba fassara ta da mahalli, kalmar aro daga Larabci, wadda ba safai manomi yake amfani da ita a kan zamansa da mutane ba.

Ba a ƙamus kaɗai matsalar ta tsaya ba. Kowace daga cikin kalmomin nan tana ɗauke da ra'i a kan yadda mutum yake zama mutum, kuma kowane ra'i yana da tarihinsa. A nan za mu ɗauki ƙasar Kurfai, wadda Filinge ne babban garinta, cikin jahar Tilaberi, mu duba yadda waɗanda suka zo daga waje don gyara zaman jama'a suka riƙa karanta halayen mutanenta tun farkon ƙarni na 20. Abin da muke son nunawa shi ne, mahallin da ake koya wa ɗalibi a aji kamar wani zane ne tsayayye, alhali a Kurfai mahallin ya sha sauya siffa, kuma hukumar da ta aiko ma'aikacin tana daga cikin masu sauya shi.

2. Inda ra'o'in suka fito

Ba za mu daɗe a nan ba, don masu karatu sun san su. Jean Piaget ya kasa bunƙasar tunanin yaro mataki huɗu, na ƙarshe yana somawa wajen shekara 11 ko 12. Erik Erikson, a littafinsa na 1950, ya kasa rayuwa duka mataki takwas, ya mai da ƙuruciyar bayan balaga lokacin neman sanin kai. John Bowlby, a rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951, ya ɗora lafiyar hankalin yaro a kan shaƙuwarsa da uwa. Sa'an nan Urie Bronfenbrenner, a 1979, ya zana mahalli kamar da'irori, wata cikin wata: gida da makaranta a tsakiya, sai dangantakar da ke tsakaninsu, sai wuraren da yaro ba ya zuwa amma suna shafarsa, kamar wurin aikin uba, sai al'ada da dokokin ƙasa a can waje. Daga baya ya ƙara lokaci a cikin lissafi.

A Amurka waɗannan ra'o'i sun haɗu sun zama darasi guda a makarantun aikin jin daɗin jama'a, darasin halayyar ɗan Adam cikin mahallinsa. Nijar kuwa ta gaji hanyar Faransa, inda aka kafa takardar shaidar wannan sana'a a 1932, aka haɗe ta a 1938 da ta malaman jinya masu ziyarar gidaje. Ke nan tun asali sana'ar ƴar ɗakin asibiti ce, kuma a Yamai ma a makarantar koyon aikin kiwon lafiya ta ƙasa (ENSP) aka saba horar da masu yin ta. Wannan gado yana da amfani, amma yana sa ɗalibi ya fara ganin majinyaci guda kafin ya ga gida.

Ba a rasa masu gwada ra'o'in a Afirka ba. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb da abokan aikinsa sun buɗe wa masu maganin gargajiya ƙofa, kuma daga nan littafin Œdipe africain na Marie-Cécile da Edmond Ortigues ya fito a 1966. Pierre Dasen ya gwada matakan Piaget a kan yaran Bawule a Kodibuwa. Bame Nsamenang na Kamaru ya nuna a 1992 cewa a Afirka ta Yamma ana auna girma da nauyin da aka ɗora wa yaro ya ɗauka. Kafin su duka, Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, ya bayyana tarbiyyar gargajiya mataki-mataki a L'Éducation en Afrique (1964). Abin mamaki, ɗalibanmu sun fi sanin Piaget da shi.

3. Kurfai kafin zuwan ofis

Kurfai tana cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Ƙasa ce ta bakin iyaka ta kowace fuska: iyakar noman gero da kiwo, iyakar Hausa da Zabarmanci, ga Abzinawa da Fulani a tsakani. Kurfayawa Hausawa ne, karin harshensu na yamma ne, dangin na Adar da Arewa (a bakin mai gida sunan ƙasar ya fi kusa da Kurhwai), kuma J. G. Malka ya kwatanta furucinsa da na daidaitacciyar Hausa a mujallar Harsunan Nijeriya tun 1978. Yaro da yawa a nan yana tashi da harshe biyu ba tare da ya taka lakkwal ba, abin da takardun auna basirar yara da aka shigo da su ba su tanada ba.

Masana tarihi, musamman Finn Fuglestad, sun nuna cewa kafin Turawa Kurfai ba ta da sarauta mai ƙarfi irin ta Katsina ko Gobir. Iko yana hannun dattawan zuri'a da masu kula da al'adun ƙasa na Azna, sai kuma mayaƙa waɗanda yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka ɗaukaka. Da Faransawa suka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, sai suka ɗora ɗaya daga cikin mayaƙan nan, Gado Namalaya, a kan ƙasar duka, suka damƙa masa karɓar haraji da tara mutanen aikin tilas. In muka ari zanen Bronfenbrenner, da'irar waje, wadda littafi yake ɗauka kamar ta daɗe tana nan, a Kurfai an ƙirƙiro ta ne a idon mutanen da suka riga suka yi wayo.

Ita wannan al'umma tana da nata ra'in girma, kuma yana cikin harshe. Jinjiri yana goye har yaye. Bayan yaye ana jiran ya yi wayo, watau ya san mutane, a aike shi ya kai saƙo daidai. Sai kuma ya yi hankali, wanda ya wuce wayo nesa: sanin abin da ya kamata, da kunya, da iya zama da manya. A lura da nahawun: wayo da hankali yin su ake yi, kamar yadda ake yin noma, kuma mutane ne suke shaida an yi su. Ana iya cewa dattijo mai furfura ba shi da hankali, a ce yarinya ƴar shekara 10 ta yi hankali. Kalmar girma ita kanta tana nufin tsawon jiki da kuma daraja, har a ce girman mutum ya zube. Saurayi ba ya fita samartaka da yawan shekaru, sai da aure, in ya zama magidanci. Kirk-Greene ya taɓo wannan a lakcarsa da aka wallafa a 1974 a kan mutumin kirki, ko da yake shi ya fi duba inda tafiyar take ƙarewa, ba matakanta ba.

Akwai kuma wasu mazauna mahallin da babu su cikin zanen kowane littafi: iskoki. Nicole Echard ta wallafa littafi guda a 1989 a kan iskokin bori na Adar da Kurfai, da sunayensu da danginsu da halayensu. Ga mai gida a Kurfai ta wancan zamani, iska ba ta cikin kan mutum, maƙwabciya ce wadda ake gada, ake yi wa alkawari, take iya hana haihuwa ko ta ba da ita. Musulunci ya game ƙasar a ƙarni na 20, kuma wa'azin shekarun baya-bayan nan ya tura bori gefe, amma bayanin ciwo da iska bai gushe daga bakin mutane ba.

4. Shikal, 1925

A nan ne ya kamata mu ɗan zauna. A 1925, a ƙauyen Shikal kusa da Filinge, wasu baƙin iskoki suka hau kan wata mata mai suna Shibo. Ba a san su cikin bori ba. Suna tafiya irin ta soja, suna sara wa juna, suna magana da gurɓataccen Faransanci, suna riƙe wuta ba ta ƙone su. Kurfayawa suka kira su Babule. Cikin ɗan lokaci samari da ƴan mata da yawa suka bi, suka riƙa fita daji, suka ƙi haraji, suka ƙi aikin tilas, suka ƙi umarnin Gado Namalaya. Kumandan Yamai, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo su aka tsare a Yamai, aka wulaƙanta su don su yarda cewa babu wasu iskoki. Sakamakon da ya samu shi ne, shi kansa ya shiga sahun iskokin, da sunan Kumandan Mugu. A 1927 hukuma ta sake murƙushe su, ta kori shugabanninsu daga ƙasar, sai al'adar ta bi ƴan ci-rani zuwa Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous, wanda ya fito a 1955.

Sunan da duniya ta san su da shi, Hauka, kalmar Hausa ce, amma ta bakin Zabarmawa da Sanwai ta yaɗu a matsayin sunan waɗannan iskoki. Ga mai nazarin harshe wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hausa ta bambanta hauka da hawan iska. Mahaukaci ya rabu da hankalinsa, ya fita daga cikin mutane. Wanda iska ta hau kuwa doki ne ko goɗiya, an yi masa girka, yana da uwar saye da abokan wasa, yana da ranar da zai hau da ranar da zai koma gona. Girka shigarwa ce cikin wata jama'a. Wanda ya fassara Babule da hauka ya riga ya yanke hukunci kafin ya soma bincike.

An karanta abin da ya faru a Shikal ta hanyoyi dabam-dabam. Hukumar mulkin mallaka ta ga tawaye da ruɗu. Rouch ya ga wata hanya ta warkar da kai daga ciwon mulkin Turawa da zaman birni. Fuglestad, a maƙalarsa ta 1975, ya ga yunƙurin siyasa na talakawan da aka ɗora wa sarautar da ba su sani ba. Paul Stoller, a 1995, ya ga tarihi ne da jiki yake tunawa da shi. A ganinmu bayanin Fuglestad ya fi kusa da Kurfai kanta, don shi ne ya tambayi dalilin da ya sa abin ya tashi a nan, ba a wani wuri ba. Amma duk wanda aka bi, abu guda ya fito: waɗannan matasa sun ga sababbin masu iko sun shigo mahallinsu, gwamna da kofur da likita, sai suka ba su gurbi cikin tsarin da suka sani, na iskoki. Har likita yana ciki, da sunan Lokotoro. Ke nan tun kafin a horar da asistan sosiyal ko guda a ƙasar nan, mutanen Kurfai sun riga sun rarraba ma'aikatan hukuma sun san halin kowane.

A ce ɗalibin da ya haddace Erikson ya tarar da irin waɗannan samari, zai ce rikicin neman sanin kai ne na bayan balaga. Ba zai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma haraji da aikin tilas da sarkin kanto za su ɓace daga rahotonsa. (Abin ban sha'awa, makarantar ENSP ta Yamai tana ɗauke da sunan Damure Zika, malamin asibiti, abokin aikin Rouch tun daga shekarun 1940, wanda yake cikin waɗanda suka yi aikin wancan fim. Da wuya a sami hujjar da ta fi wannan ta sa tarihin Babule cikin darasi.)

Shekara shida bayan Shikal, yunwar 1931 ta faɗa wa yammacin Nijar, bayan fari da fara, ga haraji ba a sassauta ba. Gidaje suka watse, mutane suka yi kudu. Maganin da hukuma ta kawo shi ne rumbunan ajiya na dole, bisa zaton cewa manomi bai san tanadi ba. Nan ma halin mutum aka tuhuma, aka bar abin da ya wofintar da rumbunsa.

5. Daga animasiyo zuwa samariya

An soke aikin tilas a 1946, Nijar ta sami mulkin kai a 1960. Gwamnatin Diori Hamani ta kawo animasiyo, shirin wayar da kan mutanen karkara, da taimakon cibiyar IRAM ta Faransa, a farkon shekarun 1960. Manufar tana da kyau: ƙauye ya zaɓi wakilansa, a tattauna da Hausa ko Zabarmanci, a kafa ƙungiyoyin gama kai. A nan ne fuskoki biyu na développement suka cakuɗe, aka riƙa maganar ƙauye kamar yaron da za a kai matakin hankali.

Seyni Kunce, ɗan Fandu a yankin Filinge, ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ana tsakiyar yunwa. Ya farfaɗo da samariya, ya mai da ita ginshiƙin tsarin da ya kira al'ummar ci gaba. An gina azuzuwa da dama da gayyar samariya, wannan ba a musunsa. Amma kalmar ta sauya ma'ana a hannun hukuma. A gargajiyance samari rukuni ne na masu shekaru kusa da juna, da sarkinsu da wasanninsu da gayyarsu ta noma, kuma aure yake fitar da mutum. Samariyar gwamnati ta haɗiye gari duka, har aka saba ganin magidanci mai jikoki yana sarkin samari. Matakin rayuwa ya koma ofis. Da guguwar Taron Ƙasa na 1991 ta zo, tsarin ya rushe tare da mulkin da ya kafa shi, ƙungiyoyi masu zaman kansu da ayyukan masu ba da agaji suka cike gurbin, kowanne da nasa kalmomi.

Duk tsawon wannan lokaci akwai wata makaranta da ba ta cikin tsarin kowa, ita ce tafiya biɗa. Saurayin Kurfai yana gama girbi ya nufi Kumasi ko Ankara, daga baya Abijan da Ikko da Libiya, ya komo da kuɗin haraji da na aure da tufafi. Korar baƙi daga Gana a 1969 da daga Nijeriya a 1983 sun taɓa gidajen Dallol kai tsaye. Da'irar da littafi ya ajiye nesa da yaro, a nan ita ce take ciyar da shi, kuma uban da takarda za ta rubuta ba ya nan yana iya zama shi ne mai riƙe da gidan.

6. Komawa aji

Mu ɗauki misali guda wanda ɗalibai suke tuntuɓe da shi kullum, kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa kaka ko gwaggo ce take riƙonsa bayan yaye. Ɗalibar da ta karanta Bowlby, in ba ƴar gida ba ce, za ta rubuta cewa uwa ba ta damu da ɗanta ba. In ƴar gida ce, ta san ba haka ba ne, amma ba ta da kalmar Faransanci da za ta kare abin da ta sani, sai ta yi shiru ko ta rubuta abin da malami yake so. Alhali binciken da Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka wallafa a 1977 a kan jariran Hausawa a arewacin Nijeriya ya nuna jariri yana shaƙuwa da masu reno fiye da ɗaya, ba tare da ya rasa wadda ya fi jingina da ita ba. Ra'in bai faɗi ba, faɗaɗa shi aka yi.

Kada a fahimce mu da cewa duk abin da al'ada ta tanada daidai ne. Yaye na rana ɗaya, in uwa ta sami sabon ciki, yana jefa yaro cikin tamowa, kuma cibiyoyin ciyar da yara na yunwar 2005 sun ga haka da idonsu. Yarinyar da mutane suka shaida ta yi hankali tana da shekara 13, ƙugunta bai shaida ba, kuma masu yoyon fitsari a asibitocinmu su ne hujja. A irin wannan wuri ilimin jiki ya fi kalmar gari gaskiya. Dokokin ma ba su daidaita ba: yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ce yaro shi ne wanda bai kai 18 ba, dokar farar hula da aka gada daga Faransa ta sa 15 ga auren mace, mafi yawan aure kuma a hannun al'ada da malamai yake. Ma'aikaci yana tsaye tsakanin ma'auni uku, kuma ba zai iya jayayya da na gari ba in bai san kalmominsa ba. Wanda ya ce wa uba ƴarsa mineure ce bai faɗa masa komai ba. Wanda ya ce ta yi hankali amma jikinta bai ƙosa ba, ya buɗe magana.

Mahallin kuma bai daina motsi ba. Tun 2012 ƴan gudun hijirar Mali suka sauka a Abala, arewa da Filinge. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin jahar Tilaberi, kuma a watan Maris na 2021 aka kashe mutane da dama a yankin Banibangu, cikinsu har da masu komowa daga kasuwa. Makarantu da yawa sun rufe, ƙauyuka sun tashi sun komo gefen manyan garuruwa. Yaron da ya yi wayo a irin wannan zango, kakar da za ta riƙe shi tana wani wuri, gonar da za a koya masa nauyi a cikinta ba ta shiguwa, masu bindiga kuma suna yi wa samari tayin abin da biɗa take bayarwa a da, watau kuɗi da babur da hanyar aure. Ma'aikatan da ake turawa can suna zuwa da takardun auna firgici da aka fassara cikin gaggawa.

A wancan ɗan littafi, daga ƙarshe mun fassara développement de l'enfant da tashin yaro, don fi'ilin tashi yana neman a faɗi inda aka tashi da hannun wanda aka tashi. Milieu kuwa mun bar mahalli a kan babi, saboda malamai sun saba da shi, amma a cikin tambayoyin da ɗalibi zai yi a gida mun sa: a hannun wa yaron nan yake, wa yake ci da shi, wa ya tafi, yaushe, kuma me ya tashe ku daga inda kuke. Tambayar iska ba mu sami inda za mu sa ta ba, don takardar ta ware gurbi ɗaya tak ga addini, gurbi ɗaya ga ciwo, kuma masu littafin ba su yarda a ƙara na uku ba.